Kwano, Sikeli Da Rasit: Lacca Ga Talakawan Gyadi-Gyadi Da Tarauni

Iyayenmu maza da mata, 'yan'uwanmu 'yan kasuwa, masu awo da masu tireda, mahauta, teloli, 'yan garuwa, direbobin A Daidaita Sahu, da leburorin da ke dako, muna gaishe ku da ƙoƙari. Mun san da yawa daga cikinku sun rufe rumfa ne suka zo, waɗansu kuwa ko abin cefanen gobe ba su haɗa ba tukuna. Sabo da haka ba za mu ɓata muku lokaci da kirari ba. Magana ɗaya ce ta kawo mu, ita ce maganar awo.

Kowa a nan ya san ana tsada. In ka tsaya bakin Titin Zariya da yamma, ko ka zauna majalisar mai shayi a Court Road, ko ka shiga kasuwar Tarauni, zancen ke nan. Wani ya ce laifin gwamnati ne, wani ya ce 'yan kasuwa ne suka cire tsoron Allah, wani ya ce masu ɓoye hatsi ne, wani kuma ya ce zunubanmu ne. Kowanne da kamshin gaskiya a bakinsa. Amma fa kuka daban, ƙara daban. Mai kuka a kan ba shi haƙuri ya tafi gida. Mai ƙara kuwa da shaida ya ke zuwa, dole a amsa masa. Shaidar talaka ita ce lissafi. Abin da ba ka auna ba, ba ka iya cewa an tauye maka shi.

INDA TSADAR TA FITO

Bari mu fara auna ita tsadar kanta. Ruwa ba ya tsami banza.

Ran 29 ga watan Mayu na 2023, ranar da aka rantsar da Shugaba Bola Tinubu, ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Kafin ranar, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin kwanaki kaɗan ta haura 500, kuma a watan Oktoba na 2024 ta haura 1,000. A watan Yuni na 2023 ɗin nan kuma Babban Banki ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar Amurka da a ke lissafawa wajen naira 460 a banki, kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 ta wuce 1,500. Ana cikin haka soja suka karɓi mulki a Nijar a ƙarshen Yuli na 2023, aka rufe iyaka, ba a buɗe ta ɓangarenmu ba sai Maris na 2024. Duk wanda ya san yadda dabbobi da wake da albasa ke kai da kawowa tsakanin Maraɗi da Kano ya san abin da wannan ya jawo. Ga kuma 'yan bindiga da suka hana noma a wurare da dama na Zamfara da Katsina da Sakkwato.

To, yaya man fetur ya ke shiga cikin kwanon tuwo? Buhun masara ba shi da ƙafa. Mota ke ɗauko shi daga ƙauye zuwa Dawanau, wata ta ɗauko shi daga Dawanau ta ratsa gari da shi zuwa Tarauni, injin niƙa kuma ya sha nasa man. Takin da aka zuba wa masarar da maganin feshi, yawancin kayan haɗinsu da dala a ke sayo su. Kowane mataki sai an ɗora, mai ɗaukar nauyin na ƙarshe kuwa ita ce uwargida da ta aiko yaro da kwano.

Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a tsakiyar 2024 tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a shekara. Watau cefanen da naira 1,000 ta yi a 2023, sai da 1,400 aka yi shi a 2024. A Fabrairun shekarar ne mata masu gurasa suka fito kan titi a nan Kano sabo da tsadar fulawa, kuma ran 1 ga Agusta aka yi zanga-zangar da ta kai ga dokar hana fita.

An ce mana an ƙara albashi. Gaskiya ne, a Yulin 2024 mafi ƙanƙantar albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000. Amma mu auna shi da lita. A farkon 2023, 30,000 ɗin nan tana sayen mai fiye da lita 150. A ƙarshen 2024, 70,000 ba ta cika lita 70 ba. Takardar ta yi yawa, abin da ta ke ɗaukowa ya ragu. Ku kuwa 'yan kasuwa ba ku da albashi ko kaɗan, albashin mai saye shi ne cinikinku. In aljihunsa ya bushe, rumfarku ta bushe.

Akwai wata magana da a kan ruɗe mu da ita a rediyo. In an ce hauhawar farashi ta sauka, ba a ce kaya sun yi araha ba. Abin naira 100 in ya hau da kashi 34 ya zama 134. In shekara ta gaba ya hau da kashi 20 kaɗai, sai a ce an sami sauƙi, alhali kuwa ya kai 160 da ɗoriya. Saurin hawan ne ya ragu, hawan bai tsaya ba. A 2025 kam farashin hatsi ya faɗi sosai a kasuwannin Arewa, mai saye ya ɗan numfasa, amma manomi ya koka don kuɗin taki bai sauka tare da shi ba. Manomin da ya yi hasara bana ba zai cika gona baɗi ba. Wannan ma abin lissafi ne, kada murna ta rufe mana ido.

LAIFIN DA KE GIDA

Yanzu sai mu juyo gida, don in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba mai rumfa a Gyadi-Gyadi ne ya saki naira ba. Amma kwanon da ke hannunsa nasa ne.

Bisa al'ada a kan ce buhun hatsi na kilo 100 kwano 40 ne, watau kowane kwano kilo biyu da rabi. To, a ce an bubbuga gindin kwano ya shige ciki, ko an dasashe bakinsa, ko an iya karkata hannu wajen tsoro, har kwata ɗin kilo ya tafi. Ido ba zai gane ba. Amma buhun nan zai fitar da kwano 44 maimakon 40. Gidan da ke cin kwano ɗaya kullum, a shekara an ɗauke masa kilo 91, kusan buhu guda cur, ba tare da an taɓa farashi ba. Malamanmu sun sha karanta mana abin da Alƙur'ani ya ce game da masu tauye mudu, ba sai mun maimaita ba.

Muna roƙon masu awo kada su ji haushinmu. Yawancinku mutanen kirki ne, kuma ku ma ana tauye ku. Buhun da aka ce muku kilo 100 ne, wa ya ɗora shi a sikeli a gabanku? Sau nawa ka buɗe buhu ka tarar da tsakuwa da ƙaiƙayi a tsakiya, ko hatsi mai danshi wanda zai rage nauyi bayan mako biyu a rumfa? Wanda aka cuta a sari shi ke cutar mai saye a kwano, mai saye kuma ya zage shi, babban mai cutar yana can cikin inuwa. A Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe waɗansu rumbuna a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Irin wannan samame ya kan yi amo kwana biyu ya wuce. Abin da zai daɗe shi ne awon da kowa zai iya gwadawa da kansa.

ILMIN DA BA YA BUƘATAR DIGIRI

Ga shi kuwa gwajin ba wuya. Masana sun daidaita awo ne a kan ruwa: lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, a Kano haka, a Makka haka, a Ingila haka. Ledar ruwan sha da aka rubuta 50cl a jikinta rabin lita ce, biyu sun yi wajen kilo guda. Gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi kilo ɗaya da rabi ce, da ɗan nauyin roba. In kana shakkar sikelin wani, ɗora masa gorar da ba a buɗe ba. In allura ta nuna kilo biyu, ka san inda aka kwana. Mahauci mai gaskiya shi zai fara ajiye irin wannan gora a teburinsa, ya ce kowa ya gwada.

Haka tukunyar gas. A jikin kowace tukunya an buga nauyinta ba kome a ciki. In an ce an zuba maka kilo 6, to nauyin tukunya da kilo 6 shi ya kamata sikeli ya nuna. A auna kafin a zuba, a auna bayan an zuba. Haka man fetur: direbobin unguwa ɗaya su sami jarka guda da aka tabbatar da alamar lita goma a jikinta, su riƙa gwada famfo lokaci lokaci. Gwamnatin Tarayya tana da sashen awo da ma'auni a ma'aikatar ciniki, Jihar Kano kuma tana da hukumar kare masu sayen kaya. In kun je musu da rana da wuri da adadi da shaidu, magana ta zama ƙara.

Danshin hatsi ma ana gwada shi. Ka sami busasshiyar kwalba, ka zuba busasshen gishiri cokali biyu ko uku da tafin hatsi, ka rufe, ka girgiza, ka bari ya ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba. Gishiri mai jan ruwa ne, shi ya tona asiri. Wanda ya sayi irin wannan hatsi ya sayi ruwa da kuɗin masara. Abin da ya fi wannan muni, masara da gyaɗa masu danshi su kan yi fumfuna, fumfunar kuma tana fitar da wata guba mai lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kashe ta. Gyaɗar da ta yi kore ko ta yi ɗaci, a zubar, kada a ce a yi ƙuli-ƙuli da ita don kada a yi hasara. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ga shi nan maƙwabcinmu ne, amma mun san kuɗin kwana ɗaya a gado ya fi kuɗin kwanon gyaɗa nesa.

Sai maganar wake. Kowa ya san da kaka ya ke araha, da bazara ya yi tsada, kuma abin da ke hana talaka ajiya shi ne ƙwaro. Waɗansu su kan zuba fiya-fiya ko irin maganin feshin gona a cikin buhu. Wannan guba ce, cikin 'ya'yanmu ta ke ƙarewa. Sabo da ita ne Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Nijeriya a 2015. Alhali kuwa ƙwaron wake numfashi ya ke yi kamar mu. In aka hana shi iska, mutuwa zai yi. A kan wannan ne masana na jami'ar Purdue ta Amurka, tare da masu bincike na ƙasashenmu, suka fito da buhun PICS mai riɓi uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowanne daban. Wanda bai sami buhun ba, tsabtatacciyar jarka mai murfi mai kyau ta isa, in dai ba a taɓa zuba mai ko magani a ciki ba. A shanya waken ya bushe ƙayau, a cika jarkar har baki, a toshe, kada a riƙa buɗewa. Gida biyar in suka haɗa kuɗi da kaka suka sayi buhu ɗaya suka raba a jarkoki, sun tsere wa farashin bazara.

Masu tumatir da alayyafo ma akwai nasu. Wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 sabo da yaɗa tukunya cikin tukunya. A saka ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan da ke bushewa shi ke tafiya da zafi, kamar dai yadda gumi ke sanyaya jiki, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Ta fi aiki da rani lokacin da iska ta bushe. Ba ta neman wuta, ba ta neman mai. Kayan da suka ruɓe a rumfa, mai saye ne ke biyan kuɗinsu a kan waɗanda suka rage.

A AUNA HUKUMA

'Yan'uwa, wanda ya iya auna kwano ya iya auna hukuma. Dattawan cikinmu sun tuna zamanin haraji da jangali, lokacin da a ke karɓa ba a tambayar inda aka kai, har Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a Kano a 1979. An soke haraji, amma karɓa ba ta ƙare ba. Yau akwai kuɗin rumfa, kuɗin shara, kuɗin tikiti, kuɗin sauke kaya. Ba mu ce kada a biya ba. Gari ba ya gyaruwa da baki. Mun ce duk kwabon da ka biya, ka karɓi rasit mai lamba, mai suna, mai kwanan wata, ka adana shi. Kuɗin da ba rasit ba ya isa baitulmali, a aljihu ya ke kwana.

Ƙaramar Hukumar Tarauni mazaɓu goma gare ta, har da Gyadi-Gyadi Arewa, Gyadi-Gyadi Kudu, Tarauni, Daurawa, Darmanawa, Hotoro da Unguwa Uku inda sakatariya ta ke. Tun ƙidayar 2006 mutanenta sun haura 220,000. Tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, magudanan ruwa da kwashe shara, da hannu cikin makarantun firamare da ƙananan asibitoci. Watau kwatar da ta toshe a bayan rumfarka tana da mai ita a doka. Kowane wata a kan raba kuɗin asusun tarayya, ƙananan hukumomi 774 suna da wajen kashi ɗaya cikin biyar, kuma a kan buga abin da aka rubuta da sunan kowace. Ran 11 ga Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne za su riƙe su, ba kantomomi ba. Hukunci a takarda daban, aiki da shi daban. Ba zai yi aiki ba sai masu haƙƙi sun bi sawu.

Akwai kuma Dokar 'Yancin Samun Bayani ta 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa ikon rubuta wa ofishin gwamnati ya nemi bayani, a amsa masa cikin kwana bakwai. Ba ta ce sai lauya ba, ba ta ce sai mai Turanci ba. A 2025 Kotun Ƙoli ta ce dokar ta hau kan jihohi ma. To, me zai hana ƙungiyar 'yan kasuwa ta rubuta takarda ɗaya cikin ladabi: nawa aka tara a kasuwarmu bara, nawa aka kashe a kanta, a kan me? Kansilan mazaɓarka ba baƙo ba ne, ka san gidansu, tare ku ke jana'iza. Tambayarsa ba rashin kunya ba ce. Wakilci ya nema, aka ba shi. Wannan magana ba ta ware kowace jam'iyya ba. In namu ne ke kan kujera, da kwanon nan dai za a auna su.

Kuma mu lura da ranar zaɓe. Wanda ya karɓi taliya da sabulu ya ba da ƙuri'a, ya raba abin da aka ba shi da kwanakin shekara huɗu, watau kwana 1,461, ya ga nawa ya sayar da kowace rana. Ko mai gyaɗa a faranti ba ta yin irin wannan ciniki.

ABIN DA MU KE ROƘO

Kada mu tashi da tafi kawai. Abu huɗu mu ke roƙo, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu.

Na farko, shugabannin kowace kasuwa su haɗa kuɗi su sayi sikeli ɗaya mai kyau da kwano ɗaya na gwaji, a ajiye wurin Sarkin Kasuwa ko ofishin ƙungiya, mai saye da mai sayarwa kowa ya auna kyauta. Kasuwar da aka san awonta cikakke ne, ciniki zai bi ta da kansa.

Na biyu, a sami littafi ɗaya. Kowace Juma'a a sa wani yaro ɗan makaranta ya rubuta farashin kwanon masara, gero, shinkafa, wake, kwalbar mai, jarkar ruwa, da kuɗin mota zuwa Dawanau da Sabon Gari. Bayan shekara guda littafin nan zai gaya muku watan saye da watan sayarwa, kuma in wani babba ya zo ya ce an sami sauƙi, sai a buɗe masa shafi.

Na uku, a daina biyan kowane kuɗin hukuma ba rasit, kuma a tara rasitan wuri ɗaya. In mutum ɗaya ya ƙi, za a kwashe masa kaya. In layi duka ya ƙi, za a kawo rasit. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, mata su shiga wannan aiki tun daga farko. Su ke auna tuwo, su ke riƙe adashi, su suka fara sanin ranar da kwano ya rage. Kwamitin awo da ba mace a ciki, rabin ido gare shi.

Ba mu ce wannan zai dawo da lita naira 190 ba. Manyan abubuwa suna Abuja, kuma lokacin yi musu hisabi yana zuwa. Amma mutanen da suka saba tambayar kilo nawa ne a kwano, su ne za su iya tambayar miliyan nawa ne a kasafi, ba kuwa za a sallame su da haƙuri ba.

Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai zo ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa albarka a kasuwa, ya kai kowa gida lafiya.